Rijiya Arba'in da Takwas, Aji Uku

Karatuna bai yi nisa ba. Na yi lakwal, wato makarantar boko ta farko, a Zango, na samu sartifika, na kai ajin ƙarshe na kolej, jarrabawar burebe ta kayar da ni sau biyu, na bar mata. Abin da na fita da shi daga can rubutu ne mai kyau. Layina miƙe yake ko babu regil na jan layi, lambobina kuma kamar an buga su da inji. Wannan rubutun ya samar mini aiki a wani furoje, wato shirin taimako, na rijiyoyi a nan Damagaram, kuma shi ne ya ja ni zuwa laifin da zan faɗa. Shekaru sun wuce, wanda na yi wa laifin ya riga mu gidan gaskiya, furojen ma ya tashi. Ba na tsammanin faɗar za ta gyara wani abu. Ina faɗa ne don na gaji da riƙe shi.

Furojen ya yi niyyar raba sababbin igiyoyin guga ga ƙauyukan da ke tsakanin Tirmini da Gouna. Kafin a saya sai an san zurfin kowace rijiya, shi ne aka ba ni moto, wato babur, da kaye na rubutu da zaren awo mai lamba, da guntun ƙarfe ɗaure a bakinsa. In na isa sai in saki ƙarfen har in ji ya taɓa ruwa, in karanta lambar, in ƙara abin da mai ja zai riƙe a hannu, in rubuta. Na yi sati uku a kan haka a farkon bazara. Rijiya arba'in da takwas na auna. Wadda ta fi kusa da ruwa metir goma ce, wadda ta fi nisa hamsin da biyu. Awon da na yi daidai ne, wannan kam ina iya rantsewa. Ba a bakin rijiya na yi ɓarna ba, a kan tebur na yi ta.

Mai metir hamsin da biyun tana wata ƴar tunga ce gaba da Tirmini, gidajen ba su da yawa. Mai kula da ita tsoho ne dogo, siriri, mai ƙarancin magana, mahaifinsa ne ya gina ta. Ba da hannu ake jan ruwanta ba. Takarkari ke jan igiya, igiyar kuma tana bi ta wani ƙarfe mai juyawa da aka kafa a kan bakin rijiyar, wanda muke ce wa puli. Igiyar da na tarar ta tsufa, ta yi gashi-gashi, amma tana aiki. Kafin in saki zarena tsohon ya ce mini gaba talatin da rabi ce, da gabansa, wato awon hannuwansa a ware. Na yi murmushin da ƴan biro, mu ma'aikatan ofis, ke yi wa mutanen ƙauye, na auna, na juya lissafin a zuci, na tarar maganarsa ce. Ban faɗa masa ba. Ya sa aka dama mini fura, na sha na ƙoshi. Da zan tafi na nuna tsohuwar igiyar da ƙafa na ce, “Baba, wannan ta gama aikinta. Wata guda ka ba mu.” Ya ce Allah ya kai mu.

Shef ɗina a biro, wato shugabata, wata mata ce da muke kira Madam, Kirista ce, ƴar wani ma'aikacin asibiti, ta yi karatun ƙididdiga. Ba ta ɗaga murya, ba ta kuma maimaita magana. Da na kawo kayen ta ce mai kula da mangaza, ɗakin ajiyar kayanmu, ba zai iya yanka igiya arba'in da takwas kowace da nata tsayin ba tare da an cakuɗa su a kan kamiyo, babbar motar kaya, ba, don haka a haɗa rijiyoyin aji-aji bisa zurfinsu, kowane aji da tsayin igiyarsa. Ta ce in gwada. Na zauna rabin yini na fito da tabulo, wato jadawali, mai layi kusan talatin, kowane zurfi da layinsa, yawancin layukan rijiya ɗaya ko biyu. Ta duba ta ce na yi ƙoƙari, na sake kwafe kayen ne da rubutu mafi kyau.

Daga nan ta ja kujera ta nuna mini yadda ake yi. Ta ce in aji ya yi yawa, tabulo ba ya nuna komai, jeri ne kawai. In kuma ya yi kaɗan, yana ɓoye mutane. Ta ce akwai wata dabara ta fara hanya: ka nemi lambar da in ka ninka ta da kanta za ta kai kusan yawan abin da ka auna. Bakwai sau bakwai arba'in da tara, ga mu da arba'in da takwas, to a fara da bakwai. Sai a cire ƙarami daga babba, goma daga hamsin da biyu, saura arba'in da biyu, a raba gida bakwai, kowane aji ya samu faɗin metir shida. Ta ce dabarar ba aya ba ce, wani lokaci shida ya fi, wani lokaci takwas, sai mutum ya zana ya duba da idonsa, musamman layin farko da na ƙarshe, don a gefe ake mantuwa da mutane. Abu na ƙarshe da ta ce, ta kuma ɗora yatsa a kan takarda lokacin da take faɗa, shi ne a yanka igiyar kowane aji a kan iyakarsa ta sama. Da wannan lissafin ta sa aka sayo naɗin igiyoyi aka zuba a mangaza.

Na ce na gane. Kuma na gane ɗin. Wannan yana cikin abin da ya fi damuna, don da jahilci ne da na samu wurin fakewa.

Kwana biyu bayan haka aka kira ta Yamai wajen formasiyo, wato horo, na sati biyu. Ta bar mini tabulon da yankan igiyar, ta ce direkte, babban shugaban furojen, zai sa hannu.

To ni ina da wani bik, wato alƙalami, mai kala huɗu, irin wanda ake danna kowace kala ta fito. Wani abokina ya kawo mini shi tsaraba, kuma ina ji da shi fiye da kima, a aljihun gaba nake sa shi don a gani. Yana da shuɗi, ja, baƙi da kore. Koren ya bushe tun wata biyu kafin nan. Da na zauna yin tabulon sai na ga a raina yadda zai yi kyau in kowane aji ya zo da kalarsa, a kuma shafa wa bakin kowace igiya fenti irin wannan kalar, ko wanda bai iya karatu ba ya gane tasa. Tunanin ba shi da laifi. Sai dai kala uku ce ke gare ni. Na duba bakwai ɗin Madam, na duba bik ɗin. Na ce a raina ai ita da kanta ta ce dabarar ba aya ba ce. Na ƙara da cewa mai albasa a kasuwa ma kashi uku yake yi, manya, matsakaita, ƙanana, kuma ba a taɓa jin ya yi asara ba. Wannan hujjar ta albasa daga baya ta zo mini, bayan na riga na ja layi. Da koren bai bushe ba da aji huɗu na yi.

Arba'in da biyu a raba uku, sha huɗu. Aji na farko daga goma zuwa ashirin da huɗu, da shuɗi. Na biyu zuwa talatin da takwas, da ja. Na uku zuwa hamsin da biyu, da baƙi. Rijiya ashirin da ɗaya ta faɗa na farko, sha takwas na biyu, tara na uku. Tabulon ya yi kyau, ban taɓa yin wanda ya kai shi ba. Direkte ya riƙe shi nesa da fuskarsa ya daɗe yana kallo, ya ce wannan shi ne aiki, mutum ya gane da kallo ɗaya. Ya sa hannu, ya buga tambari, ya sa aka manna kwafi a bango.

Washegari na je mangaza. Mai mangazar dattijo ne da ya daɗe yana auna kaya, ya ɗauki takardar ya yi ta motsa leɓe, sannan ya ce igiyar ba za ta isa ba. Ya nuna mini dalili. In aji yana da faɗin metir sha huɗu kuma aka yanka wa kowa a kan iyakar sama, mai rijiyar metir sha ɗaya zai tafi da igiyar ashirin da huɗu. Irin wannan rarar, in aka tara ta wuri arba'in da takwas, ta cinye kusan naɗi biyu da ba mu da su. Madam ta yi lissafinta ne a kan aji masu faɗin shida. Ya ce ko dai in koma in sake tabulon, ko in nemi a ƙaro igiya.

A nan Allah ya buɗe mini ƙofar komawa, na gan ta sarai. Aikin awa ɗaya ne da kiriyo, wato fensir. Amma tabulon yana bango da tambari a jikinsa, direkte ya riga ya nuna wa baƙi biyu, kamiyo kuma jibi zai tashi. Sai na tuna a kolej an koya mana wani abu wai shi tsakiyar aji, wanda ake ɗauka ya wakilci ajin gaba ɗaya in ana lissafi. Na ce wa mai mangaza a yanka a kan tsakiya: sha bakwai, talatin da ɗaya, arba'in da biyar. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce shi yankewa aka sa shi, in rubuta masa a takarda in sa hannu. Na rubuta da baƙi. Aka yanka, aka shafa fenti, har naɗi guda da wani guntu suka rage. Direkte ya ce in Madam ta dawo zai faɗa mata na yi tattali.

Rana uku muka yi muna rabo. Tungar tsohon ce ta ƙarshe, mun isa da azahar, an gama jan ruwan safe, takarkarin ya tafi kiwo. Na sauke masa igiya mai baƙin baki, sabuwa fil, tana ƙyalli. Matan tungar duk sun taru, kuma ba don kallon kamiyo kawai ba. Al'adarsu ce in sabuwar igiya ta zo a yanka tsohuwar a raba wa gidajen da ke shan rijiyar, kowace mace ta samu abin ɗaure itace ko turke jaki. Sun san da zuwanmu, wasu har da wuƙa a hannu.

Tsohon ya yi godiya, ya kama bakin igiyar ya ware hannuwansa ya fara aunawa da gaba. Ɗaya, biyu, uku. Ina tsaye ina kallonsa sai lambar ta faɗo mini, hamsin da biyu, da rubutuna, a shafin ƙarshe na kayen. Kuma na san abin da ke hannunsa arba'in da biyar ne. Ba zan ce na manta ba. A daidai wannan lokacin na tuna, yana gaba na shida ko na bakwai.

Abin da na yi shi ne na ɗora hannu a kan igiyar. Na ce masa shofer ɗin kamiyo na jira, rana ta yi. Na zaro takardar mai tambari na buɗe a gabansa, alhali na san bai iya karanta ta ba. Na ce, “Baba, wannan lissafi ne, ba kirdado ba. Mu da muka yi karatu mun gama aunawa tun a biro.” A rayuwata sau ɗaya na taɓa cewa na yi karatu, ranar ce.

Ya dubi takardar, ya dube ni, ya ajiye igiyar. Ina jin ya ga kamar ci gaba da awon cin fuska ne ga baƙon da ya kawo alheri. Ya juya ya ce wa matan su yanka. Na tsaya ina kallo suna yanka tsohuwar igiya gunduwa-gunduwa suna raha. Surukarsa, matar babban ɗansa, ta ɗauko guntu guda ta miƙo mini ta ce rabon baƙo ne. Na karɓa na yi godiya.

Na koma gida ina lallashin kaina cewa za su ƙulla wani abu su ƙara. A sauran ƙauyukan haka aka yi. Labari ya riƙa zuwa cewa wasu igiyarsu ta yi tsawo, wasu ta gaza, masu rara suka yanka suka ba masu gajeruwa, aka ƙulla, aka ci gaba da ja da hannu, aka zagi furoje kaɗan aka bari. Amma na san ƙulli ba ya wucewa ta puli. Na ga pulin da idona. Kowace safiya nakan ce yau zan faɗa wa direkte, in isa biro in ga tabulon a bango, in zauna. Matata ta tambaye ni sau biyu ko ba ni da lafiya, na ce zafi ne.

Kwana tara bayan rabon, ranar Lahadi da hantsi, aka yi sallama a ƙofar gidana a Zango. Na fito na tarar da tsohon zaune a zaure, igiyar a naɗe a gefensa. Motar kasuwa ya biyo, ya yi ta tambaya har aka nuna masa gidan malamin awon rijiya. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ya tambayi iyali, ya tambayi moto. Na sa aka kawo ruwa. Ya riƙe kwanon ya ɗan dube shi kafin ya sha. Sannan ya tura mini igiyar da tafin hannu.

“Na kawo maka kayanka, ɗana. Igiya ce mai kyau. Ta wata rijiyar ce.”

Na ce wataƙila ruwan ne ya ja baya, bazara ce. Ya ce ruwan yana inda na bar shi, ya saki dutse ya ji. Ya ce sun sa guga sun zura har ƙarshe, gugan ya tsaya yana lilo a sama, suna hango ruwan a ƙasa. Sun ƙulla guntayen tsohuwar, ƙullin ya cije a puli, takarkari ya ja, ta tsinke, guga ɗaya ya tafi. Tun ranar matan da jakuna suke zuwa wani ƙauye ɗiban ruwa, su fita da sassafe su dawo rana ta take. Dabbobin ma can ake kora su, masu rijiyar can sun fara ƙorafi. Duk wannan ya faɗe shi ne kamar mai ba da labarin farashin gero. Abu ɗaya ya ƙara, yana kallon ƙasa, cewa shi ne ya ce a yanka.

Ko a nan ban daina ƙarya ba. Na shiga yi masa bayanin aji. Na ce rijiyarsa ta faɗa aji na uku, su tara ne a ciki, kuma tsakiyar ajin metir arba'in da biyar ne, haka ƙa'ida ta ce. Ya saurara har na gama. Ya tambaya ko sauran takwas ɗin tasu ta kai. Na ce ta kai, don dukkansu ba su kai arba'in da biyar ba.

“To wace ce mai arba'in da biyar ɗin?”

Na ce babu. Lamba ce kawai ta tsakiya.

“Ashe an yanka wa rijiyar da ba a gina ba,” in ji shi. Bai yi dariya ba. Ya ce to shi ba shi da ta cewa, in akwai wata igiyar a ba shi, in babu ya koma kafin motar ta tashi.

Akwai. Naɗin da ya rage yana mangaza, kuma ba ya fita sai da sa hannun Madam, wadda ta dawo daga Yamai jiya Asabar. Hanyar samun igiyar ɗaya ce, in je in faɗa mata. Na zauna ina neman hanya ta biyu, tsohon yana jira bai matsa mini ba. Ban samu ba. Na ɗauke shi a moto, igiyar a tsakaninmu.

Mun tarar ta dawo daga majami'a ke nan, ba ta ko cire ɗankwalin fita ba. Ta shimfiɗa wa tsohon tabarma a inuwa, ta gaishe shi da Baba, ta sa aka kawo masa abinci. Ni kuma na tsaya na faɗi abin da na yi, tun daga aji uku har tsakiyar aji. Wurin da na hana shi aunawa na so in tsallake, sai na ga yana kallona, na faɗa. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce me ya sa uku. Na kawo maganar mai albasa. Ta ce mai albasa in ya yi kuskure, wani ya ci miya da ƙaramar albasa. Sannan idonta ya sauka kan aljihuna, inda bik ɗin yake. Ta riga ta ga kwafin tabulon jiya da ta biya ta biro. Ta ce kala nawa ke aiki a ciki. Na ce uku.

Ta aika a kira mai mangaza. Kafin ya zo ta miƙo mini takarda da kiriyo, ta ce in yi tabulon a nan, yadda ta nuna mini. Na durƙusa a barandarta na ja layi bakwai, kowane faɗin metir shida, na riƙa karanta zurfin daga kaye ina zana sanda guda a layin da ya dace. Bai kai awa ɗaya ba. Layukan sama suka cika, na tsakiya suka ragu, na shida yana da kaɗan. Layi na bakwai, daga arba'in da shida zuwa hamsin da biyu, sanda ɗaya ne tak a ciki. Madam ta ce da na yi wannan tun farko, ko makaho ne ni da na ga mutum zaune shi kaɗai a ƙarshen takarda. A tabulona mai kyau na cusa shi cikin mutum takwas da ba su kai shi ba, ya ɓace.

Tsohon ya matso ya duba. Ya sa yatsa kusa da sandan, bai taɓa ba, ya ce wannan fa. Na ce, “Kai ne, Baba.” Ya ɗan jima yana kallo. Ya ce to, ga shi nan kuwa.

Ba a kore ni ba. Na so a kore ni, da ya fi mini sauƙi. Madam ta rubuta rapor ta faɗi abin da ya faru ba ƙari ba ragi, aka cire tabulon daga bango. Sauran rarar igiyar aka bi ƙauyukan da tasu ta gaza aka ƙara musu, ni aka sa na bi su ɗaya bayan ɗaya, ina bayani a kowane wuri. Amma a ranar Lahadin nan, mai mangaza ya buɗe, ya yanka metir hamsin da biyu daga naɗin, bai ce mini ai na faɗa maka ba, abin da har yau nake gode masa. Na ɗaure sabuwar igiyar a bayan moto da guntun tsohuwar da aka ba ni rabon baƙo, don shi ne abin ɗaurin da ke wurin. Muka kama hanyar Tirmini.

Mun isa bayan la'asar. Mutane suka taru, ba raha wannan karon. Tsohon ya kama bakin igiyar ya ware hannuwansa ya fara daga ɗaya. Na tsaya a rana na jira shi. Ban san awon gaba talatin yana ɗaukar lokaci haka ba. Ya kai talatin, ya ƙara rabi, bakin igiyar ya ƙare a hannunsa. Ya ce ta kai.

Sai surukarsa ta fito daga cikin matan, wadda ta ba ni guntun nan. Ta durƙusa ta ce Baba ya yi haƙuri, ta karɓi igiyar ta miƙa wa mijinta ta ce ya sake aunawa. Mijin ya sunkuyar da kai, amma ya auna. Tsohon yana tsaye, hannuwansa a baya, yana kallon ɗansa yana bin sawun awonsa gaba bayan gaba. Babu wanda ya hana. Da aka gama aka zura ta puli, aka kora takarkari, muka ji gugan ya bugi ruwa can ƙasa. Ruwan farko aka zuba wa dabbobi.

Hausawa na cewa rijiya ta bayar guga ya hana. A wannan tungar rijiya ta bayar, guga bai hana ba, ni ne na tsaya a tsakani kwana tara. Ruwan ya dawo a yini ɗaya. Abin da bai dawo ba shi ne na tsohon. Na koma tungar sau uku ko huɗu a shekarun da suka biyo, da aiki ko ba aiki. Har lokacin shi ake kira mai rijiya, shi ke zama a inuwar bakinta. Amma na lura in ya ce guga ya isa gyara, sai wani ya ɗaga ya duba. In ya ce ruwa zai kai damina, sai a saki dutse. Da can ba a yi masa haka, surukar ce da kanta ta faɗa mini, ba da mugunta ba. Shi kuwa bai taɓa tayar mini da maganar ba. Kullum sai ya sa a dama fura.

Na nemi gafararsa a kan hana shi awo, ya ce ya yafe, Allah ya yafe mana gaba ɗaya. Maganar bik ce ban taɓa faɗa masa ba. Ya rasu yana zaton wata ƙa'ida ce ta masu karatu ta gaza, irin wadda ta fi ƙarfin mutum ɗaya. Sau biyu na buɗe baki in ce masa kore ne ya bushe, na kasa, don ban san yadda ake faɗa wa mutum cewa a kan wannan matan tungarsa suka yi kwana tara a hanya ba. Zuwana na ƙarshe na tarar igiyar ta tsufa an kawo wata. Ba su yanka tsohuwar ba. Tana rataye a rumbun ɗansa, a naɗe, cikakkiya.